Gurbin Sunan Mai Gida

Ku matso da kujerunku, ku kife min waɗannan wayoyin bisa tebur. Tun safe ina jin ku kuna cewa wai tambayar baz, rumbun bayanai, ba aiki ba ne, layi biyar ne na kod, wai ko wayar hannu ka roƙa sai ta rubuta maka kafin shayi ya huce. Gaskiyarku, layi biyar ne. Ni ma layi biyar na tura a shekarar da hatsi ya ƙi, ordinater kuma, wato kwamfuta, ba ta nuna min jan rubutu ko ɗaya ba. Abin da za ku riƙe tun yanzu shi ne, lis ɗin da ke fita daga kod ɗinku shi ake karantawa gindin bishiya ranar rabo. Wanda sunansa ya fito ya ɗauki buhu, wanda bai fito ba ya koma gida hannu Rabbana. Babu mai zuwa ya tambayi ordinater dalili.

Ni Arzika ban yi karatun injiniya ba, kada ku ga furfura ku ɗauka daga Yamai aka turo ni. Da keken rubutu na fara a wani biro, wato ofis, nan Dogon Dutsi, ina buga wasiƙu da takardar kwafi mai baƙanta yatsu. Da ordinater ta zo aka ce mai buga takardu ya fi kowa kusa da ita, aka zaunar da ni gabanta ina shigar da sunaye daga safe har la'asar. Na yi shekaru a haka, ban ma san inda abin da nake bugawa yake zuwa ba, sai da wani proje na taimakon abinci ya buɗe biro ya ɗauke ni. Can na haɗu da Madam Rahila, ƴar nan garin, ƴar unguwar mishan. Na girme ta nesa ba kusa ba, amma a aiki ita ce babba. Ita ta koya min SQL, ita ta koya min Python, kuma ba da lallashi ba.

Kayan aikin ba su da yawa. Akwai baz, rumbun da bayanai ke ciki, yana can wata ƙasa da ban taɓa takawa ba. Irin namu baz ne na ƙididdiga, an gina shi don ya ƙirga layi mai yawan gaske cikin ƙiftawar ido, ba don ya yi maka gadin ƙofa ba. Duk abin da aka zuba masa karɓa yake yi, ko sau goma aka zuba abu ɗaya. Akwai reket, wato tambayar da kake rubutawa. Sannan akwai kliyan, guntun kod da wasu suka riga suka rubuta, kai sai dai ka ɗora shi cikin naka. Ka ba shi adireshin baz da sunanka da kalmar sirri, ya buɗe hanya, ya kai tambayarka, ya dawo maka da amsa layi-layi. Ɗan aike ne marar gardama. In ka ce ya kawo toka, toka zai kawo, ba zai tambaye ka ko gari kake nufi ba.

Aikin farko da Madam Rahila ta sakar min, cewa ta yi in gaya mata yara nawa aka auna a gidajen likita na yankin Tibiri cikin wata ɗaya. Na gyara zama, na rubuta wa kliyan ya kawo min tebur ɗin dukansa, kowane layi da kowane gurbi, wai in ya iso sai in ƙirga da kaina. A lokacin rezo ɗinmu, wato intanet, ta wayar hannu muke jan shi, wayar tana rataye jikin taga don can kaɗai take kamawa. Na danna, abu ya fara juyawa. Aka yi azahar yana juyawa. Ordinater ta yi zafi, fankarta na kuka, daga ƙarshe ta sandare ko linzami ba ya motsi. Madam Rahila ta leƙo ta kafaɗata, ta karanta abin da na rubuta.

Ta ce, "Malam Arzika, tiya ɗaya aka ce ka auno, ka ce a ɗauko maka rumbun gaba ɗaya?"

Na ce, "Madam, ai so nake in tabbatar."

Ta ce, "Baz ya fi ka iya ƙirga. Ka bar shi ya ƙirga can, ya aiko maka da amsar kaɗai."

Ta goge nawa, ta rubuta layi uku, amsa ta fito kafin in gama jin kunya. Daga ranar na san ba a kiran gurbin da ba a bukata. In kuwa dole sai layi mai yawa ya zo, a ce wa kliyan ya kawo shi kashi-kashi, kowane kashi ya iso a ajiye shi, don in rezo ya yanke kada a koma farko. Na koyi gaya masa iyakar lokacin da zai jira, in ba haka ba sai ya wuni yana jiran amsar da ba za ta zo ba. Na koyi miƙa masa sunan gari daban da reket, shi ya saka shi a gurbinsa, ba in liƙa shi da hannuna cikin tambaya ba. Na koyi rufe hanya bayan na gama. Kalmar sirri kuwa, ranar da ta gan ta rubuce cikin kod ɗina, kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau ba.

Amma dokarta babba guda ce, ita ce kuma ba ta cikin littafi. Duk reket ɗin da zai cire wani abu, sai an rubuta masa ɗan'uwa. Na farko ya kawo abin da aka riƙe, na biyu ya kawo abin da aka zubar. Sai ka zauna ka karanta na biyun da idonka, layi bayan layi, kafin ka buga komai bisa takarda. Nakan ce mata wannan ɓata lokaci ne, ita kuma takan ce lokacin ai na proje ne, ba gadona ba.

Masu zuwa neman lamba kuwa iri-iri ne, za ku gan su. Likita zai shigo yana so yanzu-yanzu. Mutumin meri, ofishin magajin gari, zai zo da hula a karkace, ya ji adadin garinsu, ya ce bai yarda ba, a sake tambaya, kamar baz zai ji nauyinsa ya ƙara masa. Wani ba amsa yake so ba, ya riga ya zo da amsarsa cikin aljihu, so yake ordinater ta sa masa hannu. Duk waɗannan masu sauƙi ne, ka ba su kujera da ruwan sanyi su gaji su tafi. Masu wuya su ne waɗanda ba sa zuwa biro ko kaɗan, suna can ƙauye riƙe da ƴar takarda mai lamba, suna jiran ranar da za a kira su.

Yadda sunayensu ke shiga baz kuwa, anketer, mai ɗaukar bayani, ake turawa gida-gida da tablet. Ya tambayi sunan mai gida, baki nawa ke ci, kwana nawa hatsi zai kai su, ya aika, ya rubuta lambar fom ɗin bisa ƴar takarda ya ba mutanen gidan. To kun san rezo ɗin ƙauye. Anketer zai aika, abu ya tsaya, ya ɗauka bai tafi ba, ya sake cika sabon fom daga farko. Kowace sabuwar cikawa da sabuwar lamba. Ya shigo gari da yamma rezo ya kama, duka su tafi, baz ya haɗiye su bai ce uffan ba. A rabon da ya gabaci mummunar shekarar, wani mutum sunansa ya fito sau uku, yana da takarda uku, ya tashi sau uku ya ɗauki buhu uku, jama'a na kallo. A lokacin Madam Rahila an riga an mayar da ita Yamai, ni kaɗai na rage kan baz. Shef ɗin proje, shugabanmu Musye Gado, ya tara ma'aikata ya wanke ni tas a gabansu, har da direbobi. Abin ya ƙona min rai ƙwarai, na rantse ba za a sake ba.

Sai na zauna na rubuta layi biyar ɗin nan. Tunda lamba ba ta da amfani, na ce wa baz ya dubi abu uku: gari, unguwa, da sunan mai gida. Duk layukan da waɗannan ukun suka zo ɗaya, gida ɗaya ne, ya riƙe na ƙarshe ya zubar da saura. Ban yi garaje ba, na gwada shi bisa bayanan bara, na karanta abin da ya zubar, duk maimaici ne na gaske. Ko masu suna ɗaya a unguwa ɗaya bai haɗe su ba, don anketer kan rubuta har da sunan uba. Abin da ban lura da shi ba, bayanan bara da kaka aka ɗauke su, lokacin da kowane namiji yana gida gindin rumbunsa, shi ke faɗin sunansa da bakinsa.

Sai shekarar ta zo. Ruwa ya ɗauke hatsi na cikin fitar da kai, abin da ya tsira tsutsa ta shiga. Wasu gonakin ko damin kirki ba a ɗaure ba. Maza ba su jira lokacin cin rani ba, tun kara bai gama bushewa ba suka bi hanya, wasu Kabi, wasu Sakkwato, wasu har kurmi. Ba samari kaɗai ba, har dattawan da suka daina fita shekara da shekaru. Da zafi ya shigo, in ka shiga ƙauye sai mata da yara da tsofaffin da ƙafa ta ƙi. A cikin wannan hali aka tura anketer, aka yanka wa kowa adadin gidajen da zai yi a wuni. Babbansu Tankari ne, mutumin Tibiri, mai ƙoƙari, ba ya wasa da aiki.

Ranar fitar da lis, manyan motoci uku na tsaye gaban magaza, ɗakin ajiyar hatsi, an gama lodi, direbobi na kwance ƙarƙashinsu. Rezo kuwa ranar kamar da gayya. Na tura reket na farko tun da hantsi, ya yanke, na sake, ya yanke, sai bayan azahar kashi na ƙarshe ya iso. Na tura na biyu, mai kawo abin da aka zubar. Lokacin jira ya cika, kliyan ya ce bai samu amsa ba. Na sake turawa, haka. Musye Gado na tsaye bisa kaina da makullin mota a hannu.

Ya ce, "Arzika, lis ya fito ko bai fito ba?"

Na ce, "Ya fito, Shef. Saura in duba waɗanda aka cire."

Ya ce, "Waɗanda aka cire ai an cire su. Mutane na can ba su ci ba tun jiya, kai kana nan kana duba shara?"

Da na ce masa a'a, da ya yi faɗa ya jira, don ba mugun mutum ba ne. Ban ce ba. Na dubi adadin, na ga ya ragu sosai daga abin da anketer suka aiko, kuma wallahi daɗi na ji. Na ce a raina ga ɓarayin buhu nan na kama su. Na buga lis, ya sa hannu. Da ya ga yawan buhunan da suka yi rara, nan take ya buga waya aka ba wata komin, wato ƙaramar hukuma, da ba ta cikin rabon farko. Har kafaɗata ya dafa.

Kwana biyu bayan haka na bi mota zuwa wani gari bayan Tibiri, ba zan kama sunansa ba. Ba aikina ba ne zuwa rabo, son ganin aikina da ido ya kai ni. An sauke buhuna gindin wani babban gawo, mai gari na zaune bisa tabarma, mata sun cika fili, kowace da ƴar takardarta a ƙulle bakin zane. Tankari ke kira. Ya kira suna da lamba, mace ta taso, a duba takarda, ta dangwala yatsa, a ɗora mata. Abu na tafiya lafiya har ya zo wani layi ya tsaya. Ya kawo takardar kusa da ido, sannan ya karanta a hankali.

"Mai gida. Unguwar gabas."

Mata suka tashi. Ba ɗaya ba, ba biyu ba, na ƙirga goma sha ɗaya da idona. Duk suka nufo tebur suna kwance bakin zane. Tankari ya karanta lambar, ta dace da takardar ɗaya daga cikinsu, aka ɗora mata buhu. Goma suka tsaya suna jira a sake kira. Ya ci gaba da wasu sunaye, suna tsaye. Ya kai ƙarshen lis ya naɗe takarda, suna tsaye.

Ban jira jama'a su watse ba. Na ja Tankari bayan mota na ce, "Wane ne Mai gida?"

Ya ce, "Malam Arzika, mazan ba su nan. Mata munka iske. Kai ka san macen kirki ba ta kama sunan mijinta. Ka tambayi ta kusa da ita, sarakuwa ce, ita ma ba ta faɗi. In ka tsaya biɗar mai faɗin suna, rana ta faɗi ba ka yi gida biyar ba. Tablet kuma ba ta wucewa in gurbin ba komi. Abin da sunka ce shi munka rubuta."

Ku yanzu matanku da suna suke kiran ku, wasu ma sheri, wato masoyi, ake ce musu a waya, na ji da kunnena, kada wani ya sunkuyar da kai. Amma ni ba ni da wannan uzuri. Uwata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan ubana a bakinta ba. In maƙwabci mai irin sunan ya zo, sai ta ce mai sunan malam ya yi sallama. A cikin wannan na tashi. Da Bature ne ya rubuta kod ɗin da sai in ce bai sani ba. Ni ɗan Arewa ne na zauna na gina lis ɗin abinci bisa kalma ɗaya da na san rabin mutanen ƙasar nan ba za su furta ba.

Cikin goman nan akwai wata dattijuwa, Inna Hajo, doguwa, ramammiya, daga wata tunga take can bayan gari. Mijinta ya bi ƴaƴansa biyu zuwa Kabi, ya bar ta da matan ƴaƴan da jikoki. Ita ba ta yi hayaniya ba. Ta zo har inda nake, don ta ga ni ne mai riƙe da jaka, ta miƙo min takardarta da hannu biyu.

Ta ce, "Ɗana, duba mani. Ko ba a kai gare mu ba?"

Na ce, "Inna, an samu kuskure. Za a gyara."

Ta ce, "To. Don in gaya maka, iri ɗai ya rage muna cikin tulu, na liƙe bakinshi da laka. In buhun ga ya zo, mu kai ga shuka. In bai zo ba, yara ba su san iri ba."

Na ce mata za a gyara, har sau biyu na faɗa.

Washegari da sassafe na tura reket na biyu. Rezo lafiya lau, ko minti biyu bai yi ba ya dawo. Na zauna ina karantawa. Mai gida. Mai gida. Malam. Baban yara. Alhaji. Mai gida. Shafi bayan shafi, daga garuruwan Tibiri har wajen Lugu. Kowane layi da yawan bakinsa daban, da shekarun matar daban, ko makaho aka karanta wa ya san ba gida ɗaya ba ne. Kuma su ne gidajen da suka fi kowa shiga uku, don gidan da ke da sauran hatsi namijinsa bai tafi ba. Kod ɗina ya tsince mafi yunwa ya zubar, ya bar masu dama-dama. Na buga wa Madam Rahila waya na gaya mata. Ta saurara har na gama, ta ce, "Ka karanta na biyun kafin ka buga?" Na ce a'a. Sai ta ce in je in gaya wa shef yanzu, kada in bari ya ji a bakin wani.

Musye Gado bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya zauna ya riƙe kai, sannan ya rubuta wa Yamai. Aka amsa cewa a kawo ƙarin lis, amma da cikakken suna, kowane gari da sa hannun mai gari. Muka koma ƙaramin biro na Tibiri. Tankari da mutanensa suka hau babura suna bin masu gari, su kuwa sun san sunan kowa har kakansa, abin da da an tambaye su tun farko da ba a kai nan ba. Ni ina zaune ina shigarwa. Baz irin namu ba ya son gyaran layi ɗaya-ɗaya, sai na buɗe sabon tebur na sunaye, na haɗa shi da tsohon ta lambar fom. Kwana huɗu muka yi, muka aika. Amsa ta dawo a rana ta shida, gajeriya. Magaza babu komai. Buhunan da suka yi rara an raba su a waccan komin, an ci. Su ma ba don daɗi suka shiga layi ba.

Abin da ban sani ba, magana ta riga ta zaga ƙauyuka a karkace. Ba a ce kod ɗin Arzika ya zubar da su ba, wa ya san kod? Cewa aka yi an hana su ne don sun ƙi faɗin sunan mazansu.

Kwana biyu da zuwan amsar, wajen azahar, muna biro ni da Tankari da direba da mai gadi da wasu maza biyu daga meri, sai ga Inna Hajo a bakin ƙofa. Tun asuba ta taso da ƙafa. Ta cire takalmi ta ajiye waje, ta shigo, ba ta zauna ba ko da aka tura mata kujera. Ta kwance bakin zane ta ɗora takardar bisa tebur ɗina.

Ta ce, "An ce suna kuka so."

Na buɗe baki in tare ta, ban yi sauri ba. Ta dubi bango, ba ta dubi kowa ba, ta faɗi sunan mijinta da na ubansa. Muryarta ba ta fita sosai ba, sai ta ɗauka ban ji ba, ta sake faɗa da ƙarfi. Mai gadi ya juya baya ya fita. Tankari ya sunkuyar da kai. Matar da ta haifi ƴaƴa ta aurar, ta ga jikoki, sunan nan bai taɓa fita bakinta ba sai ranar, gaban maza shida baƙi.

Sunan kuwa yana gabana bisa allo. Mai gari ya ba mu shi tun kwana biyar da suka wuce. Ban iya gaya mata haka ba. Na ɗora yatsu bisa madannai na buga shi a wani wuri da ba ya zuwa ko'ina, don ta ji ƙarar.

Ta ce, "Ka rubuta?"

Na ce, "Na rubuta, Inna."

Ta ce, "To yaushe za mu zo?"

Na dubi Tankari, bai ɗago ba. Na ga in na sake ce mata za a gyara, za ta koma ta hana yara tulun nan tana jiran mu. Na ce, "Inna, hatsin ya ƙare. Babu wani rabo kafin shuka. Ba kuma don suna ba ne, laifina ne, ni na yi kuskuren."

Ban san ko ta ji ƙarshen maganar ba. Ta matso bakin tebur. Sannan ta ɗauki takardarta, ta ninke, ta mayar bakin zane ta ƙulle.

Ta ce, "Ashe banza na faɗa."

Ta roƙi ruwa, aka ba ta, ta sha rabi ta yi godiya. Direba ya ce ta jira ya kai ta, ta ce a'a, ta san hanya. Ta sa takalminta ta tafi.

Damina ta zo da kyau a shekarar, ruwa bai yi fashi ba. Da hatsi ya kai ƙugu aiki ya bi da mu ta wajen tungarsu, na ce wa direba ya tsaya. Gonaki kore shar hagu da dama. Tasu na tsakiya, babu komai cikinta sai ciyawa. Wata mata mai noma a gonar kusa ta ce sun fasa tulun sati guda bayan dawowarta daga Tibiri, da ya ƙare suka kwashe yara suka bi mazan Kabi. Na tambaye ta gonar wa ce, don in tabbatar ba wata nake kallo ba. Ta ce wan mijinta ne mai gonar, ta dubi ƙasa, ta ce suna kam in tambayi wani.